Mista Bin da 'yata

Jiya da daddare na kunna wa 'yata wani tsohon shirin Mista Bin, wanda ya shiga ɗakin jarrabawa bai san amsar ko tambaya ɗaya ba, yana ta leƙen takardar na kusa da shi. Yarinyar nan ta yi dariya har da riƙe ciki, alhali ba ta jin Turanci. Haka muka yi muna yara, mun cika tabarma a gidan maƙwabcinmu mai bidiyo.

Rowan Atkinson, wanda ke fitowa a matsayin Mista Bin, injiniyan lantarki ya karanta, har jami'ar Oxford. Ya fara yin suna a 1979 da gajerun wasannin barkwanci a talabijin ɗin BBC, Mista Bin kuma ya fito a 1990. Kashi 15 kacal aka yi, abin da har yau yake ba ni mamaki. A 1997 aka mai da shi fim, duniya ta ɗauka, sai wani fim ɗinsa, Johnny English, a 2003.

Na ji daɗin ɗaukakar da Allah ya ba shi, amma ni dai na talabijin ɗin ya fi kwanta min. A can fuskarsa ce ke magana, da girar nan da ke hawa da sauka. Da shirin ya ƙare 'yata cewa ta yi, "Baba, a sake."