Godiya Bayan Kare Kundin Digirina na Biyu

Alhamdu lillahi. Ranar Alhamis da ta wuce na kare kundin digirina na biyu a jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, a fannin kiyaye namun daji da muhallinsu, malamai kuma sun amince da shi. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in bi kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zo nan.

A kan ungulu na yi bincikena, kuma na san an sha dariya a unguwar Aboabo da aka ji. To amma duk wanda ya tashi a Zango ya tambayi kansa, yaushe rabonsa da ganin ungulaye jere a kan rufin kwano? Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a sahun tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take yi, a kan doguwar bishiya irin rimi. Ga masu sare bishiyar, ga guba, ga masu sayen kanta don tsubbu. Mushen da take kwashe mana kyauta, in ta ƙare, sai karnuka da ƙudaje.

Babbar godiyata ga mahauta take. Sarkin Fawa, Allah ya ja zamaninka, da izininka na riƙa tsayawa a bakin kwata tun asuba da littafi a hannu. Wani dattijo a cikinku, Baba nake ce masa, yana fiɗa yana nuna mini da tsinin wuƙa yadda fuskar babbar ungulu kan yi jajir idan ana rububin kayan ciki, da yadda ake gane 'ya'yan da duhun kansu. A aji sai daga baya aka koya mana wannan.

Malamin da ya duba aikina, wanda jan bironsa bai bar shafi ko ɗaya ba, na gode. Haka ma'aikatan gandun dajin Owabi da ke kusa da Kumasi da suka raka ni neman sheƙa.

Mma, kuɗin kokon da kike sayarwa su suka biya trotro, wato motar haya, da rabin kuɗin makaranta. Allah ya kai ki Makka. Yaya, kwamfutarka za ta dawo, a ƙara haƙuri.

Ranar Asabar bayan la'asar za a yi addu'a a gida. Kowa ya zo, amma kujerun gaba na mahauta ne.