Osiletar da ba ta son a kashe ta

Gyaran rediyo ne ya ja ni cikin wannan harka. Na'urar ƙidayar bugu da muke auna tasha da ita tana da nata agogon a ciki, in kuwa agogon ya karkace, duk lambar da ta nuna maka ƙarya ce. Shi ya sa na sayi wata tsohuwar HP 5328A ta gwanjo, ƙirar kamfanin Hewlett-Packard na Amurka, don kawai osiletar da ke cikinta, samfurin 10811.

Ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu biyu ba, yana fitar da bugu miliyan 10 a kowane sakan, wato megahaz 10. A cikinsa akwai kiristal na dutsen kwaz, danginsu ɗaya da na agogon hannu mai bugu 32,768. Bambancin shi ne wannan an kulle shi cikin ƙaramin tanderu mai zafin digiri 80 da 'yan kai, domin a daidai wannan zafin ne bugunsa ya fi rashin damuwa da sauyin yanayi.

Da me za a auna ma'aunin kansa? Na samu Trimble Thunderbolt, irin waɗanda aka kwance daga tsofaffin turakun wayar salula, na kafa eriyarta a kan rufi. Tana karɓar lokaci daga taurarin GPS, ta fitar da nata megahaz 10. Sai na haɗa su biyun a osiloskof, na'urar da ke zana bugu kamar igiya a allo, na tsayar da igiyar Thunderbolt, ina kallon ta 10811 tana jan ciki a gefe. Lissafin ba wuya. In zango ɗaya na igiyar ya wuce cikin sakan ɗaya, kuskuren haz 1 ne, wato bugu ɗaya a sakan, kimanin sakan 3 a shekara. In ya ɗauki sakan 100, kuskuren ɗaya cikin biliyan ne, sakan guda a shekara 32 ko kusa da haka. Wurin nan ne cutar take kama mutum, don da ka kai sakan 100 sai zuciya ta ce saura 1,000.

Abin da ya fi ba ni aiki wuta ce. Waɗanda suka ƙera na'urar sun sa mata maɓallin da ko ka kashe ta tanderun yana nan a kunne, muddin tana jone da bango. Sun yi ta ne don ƙasar da bango ba ya rasa wuta. A nan kuwa da an ɗauke wuta tanderun ya huce, in aka dawo da ita minti 10 ya isa ya yi zafi, amma bugun ba ya komawa daidai inda ya tsaya. Sai ya yi kwanaki yana lallaɓawa kafin ya natsu, kafin nan an sake ɗaukewa. Duk saitin da ka yi da sukudireba a wannan tsakanin shuka dusa ne.

Na ciro osiletar daga cikin na'urar, na ba ta nata batir guda biyu masu bolt 12, sola na caja su. Ban bi ta inbata ba, don hayaniyarta tana shiga layin wutar, ka ga igiyar tana rawa a allo. Tun da ta daina mutuwa halinta ya fito fili: tana karkata ne gefe guda, a hankali, kullum kaɗan. Wannan shi ne tsufan kiristal, kuma da shi za a iya zama, tunda abin da ya bi hanya ɗaya ana iya lissafa shi a cire.

Sai iska. Fanka in ta huro mata kai tsaye, ko sanyin asubar hunturu ya shigo ta taga, ina gani a osiloskof. Na sa ta cikin akwatin katako, amma ban cusa mata soso ba. Tanderun yana riƙe ma'auninsa ne ta hanyar zubar da zafi, in ka toshe shi a watan Afrilu zafin zai iya wuce ma'aunin. Ko juya akwatin ka yi, ƙasa ta koma sama, bugun yana motsawa saboda nauyin kiristal ɗin kansa.

Abokai kan ce in nemi agogon siziyom, mai ƙirga bugun ƙwayar zarrar wani sinadari, in huta, tunda tun 1967 da shi aka ayyana sakan: bugunsa 9,192,631,770 shi ne sakan ɗaya. Irin waɗannan agogo samfurin HP 5061A ne ma masana kimiyya Hafele da Keating suka zagaya duniya da su a jirgin fasinja a 1971 don gwada ka'idar Einstein. Ina sha'awarsa, amma bututunsa ƙarewa yake yi, kuma na gwanjo galibi ya ci rabin ransa. A ganina mai ɗan shago ya fi dacewa da kiristal da GPS a haɗe: a gajeren lokaci kiristal ya fi natsuwa, a dogon lokaci GPS ke gyara masa zama. Yanzu hakan nake ginawa, 'yar da'irar lantarki da za ta riƙa ɗaga ko sauke wutar da ke saita 10811 da kanta, ta barni da rubuta alƙaluma a littafi kawai.