Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kanumfarin Yaya

Na yi alkawarin yau zan shiga maganar aurena, amma zancen Yaya ya hana ni barci, sai ku yi mini haƙuri.

Har gobe ba na son ƙanshin kanumfari. Wajen 2002, da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta tsaya, Yaya ya fara dawowa gida da shi a baki. Mu ƙanne muka ɗauka ciwon haƙori ne. Inna ta sani. Kawu ma ya sani, don shi aka fara gaya wa an ga Yaya a gidan burukutu. Abin da ya ce kawai shi ne, "A rufa masa asiri, ɗan gidan malamai ne." Hajiya Babba, Allah ya jiƙanta, tana daga kan tabarma ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Babu wanda ya tanka mata.

Burukutu ta daina kama shi, ya koma ogogoro. Rediyonsa ya tafi, keke ya bi, sannan kwanukan jeren matarsa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da yake tashinmu sallar Asuba sai hantsi ya same shi a kwance. Abin da ya fi tsaya mini a rai hannunsa ne. Da safe ba ya iya riƙe kofin koko, sai karkarwa da zufa. In ya fita ya dawo, hannun ya tsaya cak. Na ɗauka sauƙi ne yake samu. Sai da shekaru suka wuce na gane jikin ne ya riga ya saba, ba ya zama lafiya sai da ita.

Bara a gidan suna na ji Kawu yana cewa shi ya yi iya ƙoƙarinsa. Na haɗiye maganata don girman furfura. Ƙoƙarin nasa shi ne ranar da ya sa aka kulle Yaya a ɗakin soro, wai ya kwana 7 babu ita. A kwana na 3 Yaya ya fara ganin ƙwari a bango, yana kiran sunan Baba da ya rasu, daga nan ya faɗi yana jijjiga. Aka ce iska ce, aka kawo hayaƙi. Ni da matarsa muka ɗauki tasi muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Likita ya ce mana wanda ya daɗe yana sha kullum ba a yanke masa farat ɗaya a gida, yin haka yana iya kashe shi. Sai da magani, ƙarƙashin kulawa. Ya buɗe idon Yaya ya nuna mini yadda farin ya koma rawaya, ya ce hanta ta taɓu.

Ya tambaye ni, "Malam, tun yaushe kuka sani?"

Na ce shekara 6. Bai ce komai ba, ya ci gaba da rubutu. Maganar Hajiya Babba ce ta faɗo mini a wurin.

Yaya ya daina, kuma ina alfahari da faɗin haka, don ya yi shekara 2 bai kusance ta ba, yana sayar da gawayi a bakin titi. Amma ciki ya riga ya kumbura. Ranar jana'izarsa Kawu ne a sahun gaba, yana gaya wa masu gaisuwa shawara ce ta kama shi.