'Yan daudun tasha da 'yar shugaban ƙasa

A ƙarshen watan Yunin 2024 ne Brenda Biya, 'yar shugaban ƙasarmu ta Kamaru Paul Biya, ta saka hoto a Instagram tana sumbatar wata budurwa 'yar Brazil, kuma bata tsaya nan ba saida ta yi hira da wata jaridar Faransa tace tana fatan a canja dokar da ta hana irin wannan soyayya a Kamaru. Kowa ya ga abinda ya biyo baya, surutu a WhatsApp, 'yan majalisar shayi a Garwa suka samu abin taunawa na 'yan kwanaki, daga nan shiru kake ji. Ni ba cewa nake a kamata ba fa, kar wani ya juya min magana. Abinda ke ci min tuwo a ƙwarya shine waye ake kamawa in an tashi kamun.

Dokar dai tana nan, sashe na 347-1 a kundin hukunta laifuka na 2016, amma asalinta tun 1972 ne zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwan nan tamu. Ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5, da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000. A 2010 aka ƙaro wata a cikin dokar laifukan intanet, wadda ko saƙon neman jinsinka ka tura zata iya hawa kanka. 'Yan uwanmu na Chadi kuwa sai a 2017 tasu ta shigo, wata 3 zuwa shekara 2.

A takarda doka tana magana ne akan aikin kansa. To amma wa yake ganin aikin? Babu. Shiyasa in an zo neman hujja sai a koma kan tafiyar mutum da muryarsa da yadda yake karya wuya in yana magana. A 2011 an ɗaure Roger Mbede shekara 3 saboda saƙon waya da ya turawa wani namiji cewa yana sonsa, ya rasu a farkon 2014. A 2011 ɗin dai a Yawunde aka yankewa wasu matasa biyu shekara 5, cikin abinda alƙali ya kafa hujja dashi harda shigarsu da irin giyar da suka sha, wai ta mata ce, sai a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta sakesu. Shakiro da Patricia kuma, waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa a matsayin mata, a gidan cin abinci aka ɗaukesu a Duwala a 2021 saboda kayan mata dake jikinsu, su ma shekara 5.

Ka ɗauko wannan ma'aunin ka kawo shi arewa, kan wa zai faɗa? Kan 'yan daudu mana. Duk wanda ya taso a unguwar Hausawa, Garwa ne ko Marwa ko Ngawundere ko ma Birikitari a Yawunde, ya sansu, suna soya kaji da ƙwai a tasha, suna tuƙa tuwon biki da babbar tukunya, zani a ƙirji, habaici a bakinsu kamar me. Iyayenmu mata suna sayen abincinsu suna dariyar zancensu, in sun koma gida kuma su ja kunnen 'ya'yansu maza kar su kuskura su zauna a wajen. Ba wai ana girmamasu bane, kar mu yiwa kanmu ƙarya, ana musu kallon 'yan bariki ne tare da karuwai da 'yan bori, wasunsu ma kawalci ne sana'arsu. Amma suna da wajen zama a gari, ana gaisawa, in sunyi rashi ana zuwa ta'aziyya. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, wasu sun sauke farali ana ce musu Alhaji. Wasu suna harka da maza, wasu basu taɓa ba, sannan akwai masu gemu da babbar riga da suke yi wanda ba mai zarginsu har su mutu.

Wata ƙanwata dake jami'ar Ngawundere ce ta fara min bayanin wani fannin nazari na Turawa akan jinsi da ake kira ka'idar kwiya (queer theory), wanda ya taso a jami'o'in Amurka wajen 1990. Nace mata ke dai kya ji dashi, amma da na karanta sai naga akwai abu biyu da suka shafemu. Na farko na wani Bafaranshe ne Michel Foucault, a 1976 ya rubuta cewa a Turai da can ana ɗaukar luwaɗi a matsayin aiki ne da mutum ya aikata, zunubi ko laifi, sai a ƙarni na 19 likitoci suka mayar dashi wani nau'in mutum na daban mai sunansa da halayensa. Na biyu na wata Ba'amurkiya Judith Butler ne, ita kuma tace zama namiji ko mace a idon jama'a abu ne da ake maimaitawa kullum, a tafiya da sutura da magana, har ya zama kamar dashi aka haifi mutum. Wannan na biyun ban yarda dashi duka ba, halitta halitta ce, amma wlh duk uwar da ta taɓa dakawa ɗanta tsawa tace miƙe kayi tafiya irin ta maza ta san akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Na farkon ne nake ganin yana faruwa damu yanzu. Ƙungiyoyin waje sunzo da haruffansu na LGBT, wato masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi, suna so su zuba kowa a ciki, masu adawa dasu kuma suka karɓi kwandon nan ɗaya suka ce to duk wanda ke ciki ɗan aiken Turawa ne. Ɗan daudun da kakansa ma ɗan daudu ya gani a kasuwa, wanda ko faransanci baya ji balle ya san wata tuta mai launin bakan gizo, ya wayi gari wai shine wakilin Faransa da Amurka. Ba wanda ya tambayeshi. Ga kuma iskar dake kaɗowa daga Najeriya, tun shari'ar da aka fara a Zamfara wajen 2000 da dokar hana auren jinsi da shugaba Jonathan ya sawa hannu a 2014, duk bidiyon kamen da aka yi a Kano kafin magariba ya iso wayoyin samarinmu, su ma sai su fara ƙaiƙayin yin nasu.

Nasan wani zai ce to addini fa? Hukuncin aikin a Musulunci sananne ne, ba ni zan canja shi ba. Amma addinin nan dai shine yace wala tajassasu a Suratul Hujurat, kar ku bi diddigin asirin mutane, shine ya tsananta sharuɗɗan shaida ya kuma tanadi bulala ga mai ƙazafi. Imam Nawawi ma ya raba tsakanin namijin da aka halitta da laushin murya da motsi irin na mata, wanda yace babu zargi akansa, da wanda ya ƙirƙira da gangan. Samarin dake tare mutum a lungu su ƙwace masa waya su bincika hotuna, suce ya kawo dubu hamsin ko su kaishi komisariya wajen 'yan sanda, wanne daga cikin wannan suka karanta? Sana'a ce kawai suka samu, don sunsan wanda suka tare bazai iya kai ƙara ba, in yaje shi za'a fara rufewa. Mai gidan haya ma yasan haka, ya watso maka kaya waje ba tare da ya maida kuɗin wata ukun da ka biya ba. Akwai kuma masu shan maganin ƙanjamau da suke daina zuwa karɓa saboda tsoron idon mutane a layi, wannan kuwa cutarwarsa bata tsayawa kansu su kaɗai tunda da yawa suna da iyali.

Manya kam suna da hanyarsu. A 2006 da wasu jaridun Yawunde suka buga jerin sunayen ministoci da attajirai da mawaƙa wai 'yan luwaɗi ne, ba tare da wata hujja ba, wani minista kotu ya nufa da lauyoyinsa, aka yankewa mai jaridar ɗaurin wata 4 saboda ɓata suna. Mai soya kaji a tasha in aka laƙaba masa wannan sunan, lauyan da zai tsaya masa sai an nemo daga Duwala, irinsu Alice Nkom, su ɗin ma barazanar kisa ake musu a waya.