Sati na uku da ni da ɗumamar stratosfiya: ashe lissafina ne ke da matsala

'Yan uwa masu koyo, ya hunturu? Nan Mabera ƙura ta rufe gari, laptop ɗin ma sai na goge ta kafin in buɗe. Rabin satin nan ya tafi wajen sauke fayilolin ERA5, wato tarin bayanan yanayin duniya na shekarun baya, an ɗauke wuta ina tsakiya, data ta ƙare, dole na rage na ɗauko layi ɗaya tak, iskar 10 hPa (ma'aunin matsin iska ne) a kan digiri 60 arewa, wajen kilomita 30 sama kenan, cikin sashen sararin sama da ake kira stratosfiya.

Ga wanda bai bi mu tun farko ba, da sanyi akwai zoben iska mai ƙarfi da ke kewaya ƙarshen arewacin duniya daga yamma zuwa gabas, to wani lokaci manyan igiyoyin iska daga ƙasa kan taso su buge shi, ya goce gefe ko ya rabe biyu, iska ta nutse ta matse, zafi ya hau har kusan digiri 50 cikin kwanaki kaɗan. Wanga shi ne ɗumamar stratosfiya, kuma masanin yanayi Richard Scherhag ya fara lura da abin a Balin ta Jamus a 1952. In iskar ta juya ta koma daga gabas, shi anka kira babbar ɗumama.

To na rubuta ɗan kod a Python na ce duk ranar da gudun iska ya faɗi ƙasa da sifili, wato ta juya ta koma daga gabas, a ƙirga min. Wallahi abin da ya fito ya yi yawa, har na fara murna wai na gano wani abu, alhali sananne ne kusan sau 6 ake samu a shekara 10. Ashe juyawar ƙarshen sanyi nike haɗawa, wadda kowace shekara sai ta zo, kuma ɗumama ɗaya in iska ta yi ta hawa da sauka ina ƙirga ta sau uku. Ka'idar Charlton da Polvani ta 2007 ta warware min: a bar kwana 20 tsakani, kuma dole iskar yamma ta dawo kwana 10 a jere kafin 30 ga Afrilu. Da na saka, Janairun 2009 da Fabrairun 2018 sunka fito tsaf, ta 2018 ɗin ce ta jawo wa Ingila sanyin nan mai tsanani.

Yanzu na shiga modal, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yanayin duniya, kuma wanga wuri ne ya fi burge ni. Masu gajeren rufi na CMIP5 (shirin kwatanta modal-modal na ƙasashe daban-daban), waɗanda ba su kai saman stratosfiya sosai ba, ƙarancin ɗumama suke bayarwa. Ƙananan igiyoyin da duwatsu ke tayarwa ma modal ba ya ganinsu, kintace ake saka mishi, in birkin da suke yi wa iska ya yi rauni zoben sai ya yi ƙarfi da sanyi fiye da kima.

Inda na maƙale shi ne kalanda. Modal ɗin Birtaniya da na ɗauko kwana 360 yake lissafa shekara, har da 30 ga Fabrairu, kod ɗina ya ƙi karɓa. Wanda ya saba da cftime, kayan aikin Python na irin waɗannan kalandun, don Allah ya taɓa ni bayan isha'i.