Godiya Bayan Taron Tuba da Sabunta Rai a Bur Sudan

Salama gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Mu dattawa da kwamitin zumuntar Kiristoci masu jin Hausa a nan Bur Sudan muna gode wa Allah da ya kai mu ƙarshen taron tuba da sabunta rai lafiya. Mun sa shi Juma'a da Asabar ne domin su ne hutun mako a ƙasar nan, Lahadi kuwa yawancinmu na wurin aiki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 jama'armu suka watse, waɗanda suka iso nan kuma zaman banza da baƙin ciki sun mai da wasunsu ga kwalbar aragi (giyar da ake dafawa a gida) da ƙwayar da suka daɗe da rabuwa da ita. Abin da ya sa aka kira taron ke nan.

Baba Fasto, mun gode, Allah ya ƙara shafewa. Ikkilisiyar 'yan ƙasa da ta buɗe mana ɗakin sujada ba ta karɓi ko sisi ba, mun gode. Iyayenmu na zumuntar mata sun tashi tun asuba suna dafa ful (dafaffen wake) da shayi, da rana kuma ga zoɓo mai sanyi, wanda a nan ake ce wa karkade. Matasa sun yi jigilar jarkokin ruwa a raksha (keke mai ƙafa uku) cikin wannan zafin, duk mazaunin garin nan ya san tsadar ruwa. Maƙwabtanmu Hausawa Musulmi sun ara mana tabarmi da kujeru, mai agashe (tsiren ƙasar nan) na bakin layi ya aiko da nama a ranar rufewa. Allah ya bar zumunci, ya saka da alheri.

Da yawa sun roƙa a rubuta abin da aka koyar, ga shi.

Farko dai lafiyar jiki, domin a nan ake yin kuskuren da ke kai mutum kabari. Wanda ya shekara yana shan giya kullum kada ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Rawar hannu da gumi kan fara cikin sa'o'i 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma wajen kwana na 2 zuwa na 4, wannan kuwa yana kisa. Ba aljanu ba ne, jiki ne da ya saba yake tawaye. A yi addu'a, a kuma kai shi wurin likita, a sa wani ya kwana da shi. Tramol ma a hankali ake rage shi a hannun likita. Aragi kuwa, tun da a gida ake dafa shi daga dabino, wani lokaci yana ɗauke da guba mai makantarwa. Wanda ya sha ya ga idonsa na hazo, asibiti nan take. Godiya ta musamman ga 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya da ta tsaya ta bayyana wannan dalla-dalla.

Sai yanke igiya. A Ayyukan Manzanni 19:19 mutanen Afisa sun ƙone littattafan sihirinsu a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, ba su sayar ba. Haka za a yi da laya da guru. A goge lambar mai kawo kaya da ta tsohuwar ƙawa, a cire manhajar caca, in ta kama a canja layin waya. Wanda kuɗi ke yi masa ƙaiƙayi a aljihu ya bar Bankak ɗinsa (manhajar banki ta waya) a hannun matarsa ko wani dattijo na wata uku. Hanyar komawa gida ma a canja ta idan tana bi ta ƙofar mashaya.

Bashi da kayan mutane a mayar. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19:8 ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu ga wanda ya cuta. Mu dai muka ce a rubuta sunan kowa da adadinsa a takarda, a je da dattijo ɗaya, a tsai da abin da za a riƙa biya duk wata ko kaɗan ne. Furta zunubi kuwa ga mutum ɗaya amintacce za a yi, namiji ga namiji, mace ga mace. Tone-tone a gaban taro yakan jawo tsegumi, mai tuba ya ji kunya ya daina zuwa sujada.

Inda Baba Fasto ya fi daɗewa shi ne Matiyu 12:43-45, gidan da aka share aka bar shi fanko, har mugun ruhun da ya fita ya dawo. Yawancin masu komawa ruwa ba a ranar farko suke faɗuwa ba, sai bayan zafin taro ya huce, da almuru, lokacin da aka saba zaman shaye-shaye, ko ranar da albashi ya shigo. Don haka wannan sa'ar ce za a cike. An raba mu uku-uku, kowane rukuni zai haɗu sau biyu a mako bayan faɗuwar rana. Karatu sura ɗaya a rana: Markus kwana 16, Yohanna kwana 21, sai Karin Magana kwana 31. Mai hannu biyu ya nemi abin yi ko dako ne a kasuwa, kamar yadda Afisawa 4:28 ta umarta.

Wanda ya zame, ya kira ɗan rukuninsa kafin gari ya waye. Ba za a kore shi ba, ba kuma za a ba shi jagorancin waƙa ko riƙon baiko da wuri ba, domin ɗora wa sabon tuba nauyi yakan sa ya ɓoye faɗuwarsa. Za a zauna da shi a gano abin da ya ja shi, gajiya ce, faɗa da iyali ne ko tsohon aboki, a toshe wurin, a karanta 1 Yohanna 1:9 tare, a ci gaba daga surar da ya tsaya.

Masu shirin baftisma su ga dattawa bayan sujada. Akwai sauran tabarmi biyu da tukunyar shayi da ba a mayar ba, matasa ku kai wa masu su kafin Juma'a, ku gaishe su da kyau.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Dattawa da kwamitin zumunta, Bur Sudan