Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Wa Zai Fara Sakin Nasa?

A makon jiya na tsaya a inda ƙanwata ta buɗe mini WhatsApp Business, wanda ya fito a farkon 2018, ta jera hotunan takalma da jakunkunan da nake sayarwa. Kuɗin data da ɗaukewar wuta sun ɗan wahalar da ni, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin yarda.

Mai saye bai taɓa ganina ba, ni ma ban san shi ba. Ya ce in aiko kaya, in ya gani ya biya, ni kuma in ce kuɗi tukuna. Wata mata ta rubuto mini: "Hajiya, ba wai ina zarginki ba ne, amma an taɓa cuta ta. Hoto daban, abin da aka kawo daban." Ban ga laifinta ba. Ko Jumia, babbar kasuwar sayayya ta intanet da ta fara a Legas a 2012 da jarinta mai kauri, sai da ta bar mutane su biya bayan kaya ya shiga hannunsu.

To, asarar da babban kamfani zai shanye, ƙaramar 'yar kasuwa karya ta take yi. Mai babur ya ɗauki kaya, gida babu lamba sai kwatance: bayan gidan mai, ƙofa mai shuɗin fenti. Ya yi ta zagaye, ya kira waya ya ji a kashe, ko a leƙo a ce an fasa. Kaya ya dawo kwali a lotse, kuɗin zuwa da dawowa duk a wuyana.

Shi ya sa nake jinjina wa Kenya, inda tun 2007 M-Pesa ta ba wanda ba shi da asusun banki damar tura kuɗi da ƙaramar waya. Masu tara mu a taron bita suna koya mana talla, alhali talla mun iya tun kafin a haife su. Hanyar biya da ta kai kaya muke nema.

Sai kullen korona na 2020 ya zo, kasuwa ta rufe. Waɗanda suka rantse ba za su biya abin da ba su taɓa da hannu ba suka fara turo kuɗi, wayata ta dinga ƙarar alat. A cikinsu ne wani ya turo mini na bogi, kuma labarinsa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.